Mai Riƙe Reshe

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Ki durƙusa mini a gaban Inna ki yi mata ya jiki, ki ce ina nan lafiya, sai gajiyar da ta riga ta zama 'yar gida.

Ga hotunan da kika dame ni da su, guda shida. Wasiƙa uku kina nanata abu ɗaya: Yaya a turo hoto, Yaya Inna na son ganin inda kake aiki. To ga su nan. Falo biyu, ɗakin kwana uku, da wani kicin da ba a taɓa soya ko albasa a cikinsa ba. Ku kalla ku more.

Ni dai ban san me ake gani a ciki ba. Mutanen da nake zaune cikinsu, a ba su farin bango da kujera ɗaya da tulun da ba ruwa a lungu, sai su tsaya su dafe ƙirji kamar an yi musu albishir. Na ga mace da hankalinta ta share minti goma tana kallon lemo uku a faranti. Ba sha za ta yi ba, kallo kawai. Wai yana kwantar mata da hankali. Na ce a raina, baiwar Allah, hankalin da lemo uku zai kwantar ai dama bai tashi ba.

Amma tunda kin ce ƙafar ta hana Inna fita, kuma kallon yana rage mata tsawon yini, ba zan hana ba. Ki dai daina rubuto mini cewa ina cikin daula. Ba na so.

Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki.
Yayanki

*

Yayana na kaina,

Wa alaikumus salam. Kowa yana amsawa. Inna ta ce in gaya maka gajiyar nan taka ta girme ka, da ita aka haife ka.

Wasiƙarka ta iso da ɗacinta kamar kullum. Na tsince hotunan na bar maka ɗacin a cikin ambulan.

Na jera mata su a tire, kullum in ta idar da azahar sai ta ce a miƙo. Akwai ɗaya da ba ta yarda a karɓa: farin ɗakin nan mai gado a gindin taga, wanda rana ta shigo ta kwanta a bango. Har kusurwar hoton ta yi laushi don riƙo. Ba ta cewa komai, kallo kawai, kamar matar lemon taka.

Shi ne muka yi shawara da maigidana, za mu mayar mata da ɗakinta haka. Ka dai san ɗakin, in ba ka manta ba: shuɗin fentin nan tun na zamanin Baba, ga duhu kamar cikin randa, da rana tsaka sai na kunna fitila kafin in ga maganinta. Mun kawo mai fenti na nuna masa hoton. Ya ce farin fenti ba wuya, amma wannan hasken ba za a same shi ba muddin gwaibar nan tana tsaye a bakin taga, ita ke shanye ranar. Maigidana ya ce dama ta ishe shi, ganyenta ke toshe magudanar ruwa duk damina. Ya riga ya yi magana da mai saran itace.

Ba mu gaya wa Inna ba. Zan ɗauke ta zuwa gidana da sunan warin fenti, in ta dawo kawai ta ga ɗakinta ya zama naka.

Tunda kai ne gwanin ƙawata gidaje, ka faɗa mana labulen da zai dace. Kuma don Allah amsa ɗaya ba tare da tsaki ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, a tsaye nake rubutun nan.

Kada a taɓa gwaibar nan. Ki karanta layin sau biyu, sannan ki karanta wa maigidan naki, a hankali, yadda zai shiga.

Kin ce ni gwanin ƙawata gidaje ne. Ban taɓa faɗa da bakina ba, amma shekara tara ina jin kuna faɗa ban gyara ba, don haka ƙaryar tawa ce. Bari in gaya miki ɗakin da kike so ki sare bishiyar Baba dominsa.

Ba ɗaki ba ne. Bango uku ne na falanki da aka jingina a cikin wani tsohon sito da har yanzu yake warin taya. Ba shi da rufi. Ba shi da ƙofa, wadda kika gani fenti ce da mariƙi aka liƙa. Gadon nan da ya ba ki sha'awa kwalaye ne aka jera aka rufa musu bargo, in kika zauna sai dai a ɗago ki. Littattafan da ke kan kanta bango ne kawai, ba shafi ko ɗaya a ciki. Lemon roba ne, ni nake goge masa ƙura. Kamfanin kujeru ne ke sa a haɗa, a ɗauki hoto, a buga a littafin talla, kafin la'asar mun rushe mun haɗa kicin a wurin. Ba wanda ya taɓa yin atishawa a ɗakin nan, balle jinya.

Hasken ranar da mai fentinki ya ce gwaiba ke shanyewa kuwa, fitila ce. Wata ƙatuwa mai ƙafa uku, ana ajiye ta a bayan tagar, zafinta sai ya gasa ƙeyar mutum. Ko duk itatuwan unguwa kuka sare ba za ku sami wannan ranar ba, don da soket take aiki.

Yanzu ki karɓi hoton daga hannun Inna ki duba bangon da kyau. Za ki ga ba haske zalla ba ne, akwai inuwar ganye a kwance a cikinsa. Wannan inuwar ita ce aikina. Kullum da safe nakan zagaya bayan sito in karyo reshe a bakin titi, in hau tsani, in miƙa shi tsakanin fitila da taga, in tsaya. Mai hoton, wanda muke kira Ƙara-Hagu don ba shi da wata magana sai ita, yana ƙasa yana ihu: ƙara hagu, ɗaga sama, ka ci abinci kuwa yau? Ni kuwa ina sama, hannu a miƙe, har kafaɗa ta mutu. Yayanki ke nan, wanda kike yi wa yara misali da shi.

Kin san yadda na sami aikin? Ɗaukar kaya aka kawo ni yi. Wata rana na ga sun ɗaure reshe a jikin ƙarfe suna ɗauka, na kasa yin shiru, na ce inuwar nan matacciya ce. Ƙara-Hagu ya ce to malamin inuwa, hau ka rayar mana. Na hau. Na karkata shi yadda ganye ke yi in iska ta ɗan taɓa shi da yamma, wani ya hau kan wani, wani ya buɗe. Ya ce a ina na koya. A bangon Inna na koya, shekarar da ƙyanda ta kwantar da ni, ke ko tafiya ba ki fara ba. Sati uku ba abin da nake kallo sai inuwar gwaibar nan tana yawo a kan shuɗin bango, Inna na tankaɗe a bakin ƙofa.

To kin ji. Mutanen nan da nake rainawa suna ɗaukar ƙato guda ya yini a kan tsani don ya kwaikwayi abin da Allah ya ba ku kyauta a bakin taga, ku kuma kun kira mai gatari ya sare shi don ku kwaikwaye su. Ban san wa ya fi wani ba. Na dai san ni ne a tsakiya, da reshe a hannu.

Ba zan yi zalunci ba. Mai fenti bai yi ƙarya ba, ɗakin yana da duhu. Maigidanki ma, duk da ba a taɓa yin gyara a gidan nan bai ce shi ya fara tunaninsa ba, shi ke shiga ruwa yana buɗe magudana, ba ni ba. Ke kuma ke ce mai ɗaga Inna, mai kwantar da ita, ni takarda nake aikowa. Na san ba ni da bakin magana. Ku yi fentin, ku sa fitila mai kyau. Bishiyar kawai nake roƙo.

Labule kuma, kowanne. A hoton ma zanin gado ne muka rataya.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Inna da sauƙi.

Wasiƙarka ta zo ranar Talata. Mai saran itace ya zo ranar Litinin.

Kada ka tashi hankalinka tukuna. Ya ce ba a kayar da bishiya kusa da gini sai an rage mata nauyi, don haka ya fara da babban reshen da ya rufe tagar. Yana gamawa hadari ya taso, ya tattara igiyarsa ya ce sai wani satin. Gindin yana nan da sauran rassan ɓangaren katanga. Ta koma kamar mutumin da aka yi wa aski gefe ɗaya aka ɗauke wuta.

Na karanta wasiƙar a tsaye a tsakar gida, na ji kamar in yaga ta. Ba don reshen da kake riƙewa ba, wannan ai aiki ne, wa ya ce maka za mu ji kunya? Don shekara tara da ka bar ni ina yi maka kirari a gaban mutane kana can kana yi mini tsaki. Kai ka raina aikinka, ka raina masu kallo, ka raina mu da muka yaba. Wa ya rage, Yaya?

Na dawo da Inna ranar Laraba. Ɗakin ya yi fari tas, haske har cikin kwanon magani. Na tsaya ina jiran ta yi murna. Ta dubi bangon, ta dubi tagar, ta ce, “Ina ganyen?” Daga la'asar kuwa rana take dukan fuskarta kai tsaye, farin bangon yana mayar mata da ita cikin ido, sai da na rataya zani. Yanzu ɗakin ya fi na da duhu.

Ashe ganyen take kallo a hoton. Ta ce tun ranar farko ta ga inuwar ta yi kama da tata, shi ya sa ta riƙe. Na ce don me ba ki faɗa ba? Ta ce wa ya tambaye ta.

Sai na karanta mata wasiƙarka, ban tsallake komai ba. Da na zo wurin tsani ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na tashi neman ruwa. Ta ce, “Ashe duk shekarun nan reshe yake riƙe wa mutane.” Can ta ce, “To ki ce masa nawa reshen ya faɗi. Tunda aikinsa ne, ya zo ya riƙe mini.”

Na faɗa maka yadda ta faɗa, ban ƙara gishiri ba.

Ga inda muke. Na hana mai saran dawowa, amma maigidana ya ce rabin bishiya abin dariya ne, gara a ƙarasa a huta. Na samu ya yarda a jira zuwa ƙarshen watan gobe. Bayan nan ba zan yi rigima da mijina a kan bishiyar mutumin da rabonsa da ganinta shekara tara ba. In kana son ta, ka zo ka tsaya a gindinta ka faɗa da bakinka.

Allah ya kiyaye hanya, in akwai hanyar.
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ji, kuma ban ga inda kika yi kuskure ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ki gaya wa maigidanki gwaiba tana tohowa daga inda aka sare ta. Damina biyu take buƙata kafin ta sake kai wa taga, in bai sa mata ido ba.

Na gaya wa Ƙara-Hagu ya nemi wani hannun. Ya ce ba zai samu ba. Shekara tara, yau ya fara faɗin gaskiya.

Ki cire zanin nan daga taga ranar ashirin ga wata, ki aro mini tsani. Ki tambayi Inna, hagu take so ko dama.

Yayanki