Ganyen Bakin Kududdufi

Tsanyawa, Agusta 1984

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan sai godiyar Allah, amma ba zan ɓoye maka ba, ruwa ya ɗauke, gero ya bushe tun yana gwiwa. Maigidana Dabo ya tafi kudu neman abinci, har yau shiru. Tafasa da yaɗiya an cinye su har saiwa.

Wani ganye ya fito a bakin kududdufin da ya ƙafe, inda shanun Buzaye suka kwana da bazara. Shi kaɗai ne kore a garin nan. Ba wanda ya san shi. Maƙwabciyata Hure tana kiransa tafasar Buzu, wasu na cewa ganyen baƙi. Da Inna na da rai, da shinshinawa kawai za ta yi ta faɗa mana. Kai ne kake aiki a ɗakin adana tsirrai na jami'a, ga shi na naɗo maka a takarda ta hannun Nababa direba. Tambayata ɗaya ce: zan iya ba 'yata Fadima? Shekararta huɗu, amma yanzu da hannu ɗaya nake ɗaga ta. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Barira

Kano

Barira,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta tayar mini da hankali ƙwarai. Na duba ganyen, na kuma nuna wa Farfesa. Ganye kaɗai ba ya isa a yanke hukunci, domin a dangin da yake kama da su akwai wanda ake ci, akwai kuma mai illa ga yara. Ga shi an sauya wa dangin nan sunaye kwanan nan. Ko tafasar da kika sani, da Cassia ake rubuta mata, yanzu an ce Senna. Tsofaffin littattafanmu da sababbi ba sa jituwa. Fure ne zai raba gardama, don haka ki aiko mini da shi.

Ga 'yar masara nan, ita ce abin da na samu. Don Allah kada ki ba yarinyar nan ganyen sai kin ji daga gare ni. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Yayanki,
Tasi'u

Tsanyawa

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Masara ta iso, Allah Ya saka da alheri, ta kuma ƙare.

Fure ka ce? Zaman birni ya mantar da kai yadda muke yi? Ganyen ci ba a barinsa ya yi fure. Da ya fara ɗaure kai ake tsinke kan, don in ya yi fure ganyen ya tsufa, ya daina toho. Matan garin nan ba su bar ko ɗaya ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Ku can kuna ta raɗa wa ciyawa suna kamar jaririya, mu nan tukunya muke kallo.

Gidan Hure sun fara ci. Manyan yaran garau, amma autanta yana ta amai. Ganyen ne, ruwan rijiya ne, yunwa ce, ba wanda ya sani. Hure ta ce mini, "Barira, da ganye ya kashe su da yunwa ta kashe su, ni dai gara su tafi da wani abu a ciki."

Na ciro tsiron guda da ƙasarsa na dasa a bayan ɗaki, na kewaye shi da ƙaya, da ruwan alwalata nake ba shi. Fadima ta daina kuka, wannan ya fi kukan tayar mini da hankali. Zama take yi a gabansa tana tambayata, "Inna, ya yi furen?"

Ka sa mu a addu'a.
Barira

Tsanyawa, Satumba

Yaya,

Salam. Ya yi fure, ruwan ɗorawa, ga shi a ninke. Amma ka yafe mini, ban iya jira ba. Jiya Fadima ta kasa miƙewa. Na dafa, na fara ci ni kaɗai da safe, da la'asar na ba ta. Ta cinye har tana lasar kwano. Yanzu tana kwance, ni kuma ina zaune ina kallon ƙirjinta.

In ganyen na ci ne, ka rubuto. In ba na ci ba ne, kada ka sa a takarda, ba zan iya karantawa ba. Ka zo da kanka.

Taka,
Barira

Kano

Barira,

Wa alaikumus salam. Ga shi na rubuto.

Sunansa na bar wa su Farfesa, har yanzu suna gardama a kai. Ki gaya wa Hure ta kai autanta asibiti, ba ganyen ba ne. Ku ci gaba da tsinke kan.

Ki ƙara wa Fadima.

Yayanki,
Tasi'u