Shanun Laka da Furen Takarda

Daren Laraba, farkon damina

Ruwan farko ya sauka, laka ta yi laushi. Na tafi fadama na ɗebo, na zauna ƙofar gida ina gina wa Nana, ɗiyar yayana, shanunta na kowace shekara. Har tozo na yi musu, da ƙahonni na ƙaya. Bara da sa guda ta kwana a hannu.

Yau ta dawo daga makarantar yara riƙe da jan furen takarda, ta dubi shanun ta ce, "Baffa, Malam Basiru ya ce laka ƙazanta ce."

Basiru! Wanda muka yi kiwon awaki tare. Ya ƙetara ƙasar Benin, ya dawo da almakashi da wata waƙar tafi ta Faransanci, shi ke nan ya zama malam. Na rantse bai san ma'anar rabinta ba. Ni da na koya wa kaina karatu a jikin buhunan taki, wa ya taɓa ce mini malam?

Na ce mata, "Wanga fure naki, yayyafi kaɗai zai kashe shi." Ta turo baki, ta ɓoye shi cikin riga. Inna ta ce, "Kai Lawali, da yarinya kake faɗa?" Na ce ba da ita nake ba, da Basiru nake.

Abin da ya fi ci mini rai, waƙar tana da daɗi. Tun magariba take yawo a kaina. Gobe zan laɓe bayan ajinsu in koyi tafin. Allah ya sa Basiru kada ya leƙo.