Hannun da Ke Cikin Kunnuwa

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Bayan haka, yau wata yarinya daga gidan talabijin ɗinku ta shigo shagona, ta ajiye leda a kan keken ɗinki. Ina buɗewa sai ga Kunnuwa yana kallona da idanunsa na maɓalli. Zomon da na ɗinka maka da tsohon bargon Baba, wanda kake zura wa hannu a shirin yara!

Wai sababbin masu gidan ne suka aiko in faɗaɗa cikinsa, don hannun sabon ma'aikacinsu ba ya shiga. To ina zai shiga? Daidai hannunka na auna shafin ciki, har gurbin yatsan da fanka ta gutsure maka kana yaro. Ashe sun sallame ka, shi ne ka rufe ni? Na kulle shi a akwati. In sun isa su zo su ɗauka.

Ka gaida yara.
Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ki gafarce ni. Halinki na sani, shi ya sa na yi shiru.

Da aka sayar da gidan, an haɗa da komai: kyamarori, kujeru, da Kunnuwa. Na sami lauyansu, ya ce sunan da fuskar da waƙar buɗe shiri duk na kamfani ne, tun ranar da na fara ɗaga shi a gaban kyamararsu. Na ce, "Muryar fa?" Ya ce, "Baba, wanda muka ɗauka ya iya kwaikwayonta." Na gaji da hawa benensu, Yaya. Na gaji da zama a bencin baƙi a gidan da na tsufa a cikinsa.

Ki yi musu aikin. Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki

Auta,

Na amsa gaisuwarka, amma ban amsa maganarka ba. Tun kana ƙarami haka kake, a ƙwace maka abu ka ce na gode. Lauyan nan yana ina lokacin da allura ta huda ni ina haɗa kunnen hagu, wanda har yau ya fi na dama tsawo? Ko kamfani ne ya haifi Babanmu mai bargon? Yarinyar ta dawo, na ce mata zare ya ƙare.

Yayarka, wadda ranta ya ɓaci

Yaya,

Ina gaisuwa. Akwai abin da ba ki sani ba. Aikin nan a durƙushe ake yin sa, ƙarƙashin tebur, hannu a sama har a gama ɗauka. Yanzu hannuna na dama ba ya wuce kafaɗa. Ko riga sai maman yara ta taya ni sawa. Da yau za su ce in dawo, ba zan iya ɗaga shi ba.

Sun ce in cikinsa bai gyaru ba, za su cire shi daga shirin su kawo wani na roba. Jiya jikata ta zauna gaban talabijin har aka gama shirin ba ta gan shi ba, ta juyo ta ce, "Kaka, Kunnuwa ba shi da lafiya ne?" Zuciyata ta yi nauyi ƙwarai. Gara in gan shi a hannun wani da ya ruɓe a akwatinki.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki

Auta,

Na gyara, sun ɗauka. Sabon shafi na saka, mai faɗi.

Tsohon na farke shi a hankali, ga shi cikin ƙunshin nan. Ya yi baƙi da guminka, yatsu huɗu da rabi. Ban wanke ba. Lauyansu bai ce wannan ma nasu ba ne.

Ka riƙa gasa kafaɗar da ruwan zafi.
Yayarka