Hannuna Ke Mutuwa, Su Suna Jiran Haihuwa

Assalamu alaikum Hajiya Madina. Don girman Allah ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ki gaya mini yadda zan yi, domin ni dai dabara ta ƙare mini. In kin ga rubutun yana karkacewa ki yi haƙuri, hannun da ke riƙe da biron shi ne marar lafiyar, sai na ɗan rubuta in ajiye in huta. Sunayen da zan ambata kuma ba na gaskiya ba ne.

Ni malamar firamare ce a wajen Kiyawa. Mijina ya rasu a haɗarin mota shekara biyu da wani abu da suka wuce, ya bar ni da 'ya ɗaya, Fiddausi. Da na fita takaba na koma wurin Gwaggo Bilki, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Ban sake aure ba, ba na kula kowa, Allah ne shaidata.

Tun daminar bara hannuna na dama ya fara yi mini gardama. In na ɗaga shi ina rubutu a allo, kafin in kai ƙarshen jimla sai ya yi nauyi ya yi sanyi, allin ya suɓuce ya faɗi. Da farko 'yan ajin dariya suke yi, yanzu sun daina, wannan kuwa ya fi mini ciwo. Daka ya gagare ni, ko tsefe wa Fiddausi kai sai na huta a tsakiya. Ga jiri, ga zazzaɓi da ke zuwa yana tafiya, ga ciwon gwiwoyi, abinci ba ya shiga, na rame har zanina ba ya zama. Al'adata ma ta rikice, sai ta yi watanni ban gan ta ba. Gwaggo kaɗai na gaya wa wannan.

Ba abin da ba a ce ba. Wasu suka ce sanyi ne, wasu amosanin gaɓɓai. Wanzami ya yi mini ƙaho a kafaɗa, na sha jiƙo har na daina tambayar na mene ne. Na je Dutse aka ɗauki hoton ƙashin kafaɗar, aka ce ƙashi lafiya ƙalau. Daga nan mutanen gidanmu suka yanke hukunci cewa ba ciwon asibiti ba ne, tunda ga hoto bai ga komai ba.

Bayan ƙaramar salla na faɗi a tsakar makaranta, hedimasta ya sa aka sake kai ni asibiti a Dutse. Wata nas mai kirki 'yar Jos, Sista Patricia, ta ɗaura mini abin awon jini a hannun dama, ta yi ta saurare ba ta ji komai ba. Ta ɗauka abin ne ya lalace, ta sauyo wani, shiru. Da ta koma hannun hagu sai ga jini ya hau sosai. Ta kira likita, shi ma ya laluba wuyan hannuna na dama bai sami bugu ba. Ya sa aka auna jini da fitsari, har da gwajin ciki da suke yi wa kowace mace, aka ce babu. Sai ya zaunar da ni ya ce yana zargin jijiyoyin jinina ne suke kumbura ta ciki suna tsukewa, shi ya sa jini ba ya isa hannun. Ya ce hoton ƙashi ba zai taɓa nuna wannan ba. Yana so a yi mini sikanin, wato hoton cikin jiki, a duba ƙodata da babbar jijiyar da ke cikin ciki, sannan ya tura ni Kano inda akwai na'urar da ke nuna yadda jini ke gudu a jijiyoyin wuya da na kafaɗa.

Hajiya, rabon da in ji sanyi a raina irin na ranar har na manta, don dai an sami wanda ya ce ciwona yana da suna. Ban san abin da ke jirana a bakin ɗakin sikanin ba. Na'urar guda ɗaya ce, kuma duk wanda ya san ta a nan ya san ta ne da sunan abin duba masu ciki. Bencin cike yake da masu juna biyu, na sami gefe na zauna a tsakaninsu ina riƙe da katina, ban kawo komai a raina ba. Sai ga wata maƙwabciyarmu ta rako 'yarta awo. Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce, "A'a, Malama, ashe ke ma mun samu ƙaruwa?" Na yi mata bayanin hannu, ta ce Allah ya sawwaƙe, amma na ga idonta yana kan cikina. Kafin layi ya zo kaina aka ɗauke wuta, aka ce mu dawo wani makon. Ko shiga ɗakin ban yi ba.

Labari ya riga ni isa gida. Aka haɗa jirin da rashin cin abincin da faɗuwar da na yi a makaranta, aka ce ai dama ciki ne. Kin san lokacin da muke ciki tun da aka ƙaddamar da shari'a, kin san abin da ake ji a rediyo game da matan da aka gurfanar a wasu jihohi saboda ciki ba aure. Ba wanda ya zo ya tuhume ni, gaskiya, amma mata sun rage shigowa gidanmu, wani uba kuma ya je ya roƙi a sauya wa 'yarsa aji.

Gwaggo ta firgita fiye da ni. Na rantse mata, ta ce ta yarda, amma ta tuna zancen al'adar nan, tsoro ya hana ta zama. Ba ta yi shawara da ni ba ta ɗauki mayafi ta shiga gida-gida tana cewa ciki dai akwai shi, amma kwantacce ne na marigayi, tun kafin ya rasu ya kwanta, yanzu ne ya tashi. Da na yi mata kuka ta ce ita ba ta san wata hanyar da za ta rufe bakin mutane ba, gara a ce na mijina ne da a ce na wani ne. Kuma abin ya yi aiki, Hajiya, nan ne matsalar. Waɗanda suka daina gaishe ni sun dawo suna yi mini sannu.

Sai maganar ta kai Miga, wurin surukata, mahaifiyar baban Fiddausi. Inna tsohuwa ce, shi kaɗai ne ɗanta namiji, tun da aka binne shi ba ta sake zama daidai ba. Ranar kasuwa ta hau mota ta zo da ƙullin gero da man shanu, ta zauna a ɗakin Gwaggo tana kuka tana dariya. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da ita don kunya, ta kama hannuna, wannan mai ciwon, ta ce, "Allah bai manta da ni ba, ya bar mini wani abu nasa a ajiye." Na buɗe baki in ce mata babu, wallahi maganar ta ƙi fita. Yanzu duk mako sai ta aiko, har ta fara saƙa hular jariri. Ta kuma roƙe ni kada in yarda a ɗora mini na'urar nan, wai haskenta zai sa cikin ya sake kwanciya. Gwaggo ma ta ce in na koma bakin ɗakin nan na tono abin da ta binne.

Ranar da aka ba ni ta wuce tuni. Sista Patricia ta aiko ta bakin wata malama cewa likita yana tambayata. Hannun ya ƙara lalacewa, yanzu kuma in na miƙe da sauri sai gabana ya yi duhu. In na je aka yi sikanin, na ƙaryata Gwaggo a gaban gari, na kuma kashe wa Inna ɗanta karo na biyu. In ban je ba, ban san me ke cin jikina ba. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, wani lokaci ni kaina nakan dafa cikina in ce ina ma gaskiya ne, alhali na san babu. Na gaji, Hajiya, na rasa wanda zan fara ɓata wa rai. Ki taimake ni.

Taki,
Malama Mai Ciwon Hannu


Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, na kuma tausaya miki ƙwarai. Amma ba zan ɓoye miki ba: ki koma asibiti a makon nan, ba wata mai zuwa ba.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai bayaninki wurin wani likita da na amince da shi. Ya ce ba zai sa wa ciwonki suna ba tunda bai gan ki ba, amma hannun da ba a jin bugunsa, ga hawan jini a ɗayan, ga duhun gani, ba abin jira ba ne. Idan zargin likitanki ya tabbata, akwai maganin da ke kwantar da kumburin jijiyoyin, kuma ya fi amfani kafin su gama tsukewa. Abin da ake gudu shi ne ya taɓa ido, ko ƙoda, ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya ce in gaya miki, duk ranar da ganinki ya ɗauke, ko harshenki ya yi nauyi, ko wani sashe na jikinki ya saki, a kai ki asibiti nan take. Kada kuma ki sayi maganin kumburi a kemis ki yi ta sha da kanki.

Game da hoto, mutanenmu suna ɗauka duk hoto hoto ne. Ba haka ba ne. Hoton ƙashi aikinsa ƙashi, shi ya sa mai ciwon da ke kumbura babban yatsan ƙafa ko mai amosanin gaɓɓai zai iya shekaru yana kuka hoton yana cewa lafiya, sai ƙashin ya fara cinyewa sannan ya nuna. Sikanin kuwa tsoka da ƙoda da hanta da jijiya yake gani, ana yi wa maza, ana yi wa tsofaffi. Ba haske yake saki ba, da sauti yake aiki, ba ya cutar da mai ciki balle wadda ba ta da shi. Mu ne muka fara saninsa a wurin awo muka ɗauka na masu ciki ne kaɗai.

Gwaggonki ba muguwa ba ce. Ta ga 'yarta a bakin rami ta fizgo ta da abin da ya zo hannunta. Zancen kwantacce malamai sun yi magana a kansa, ba hurumina ba ne. Amma ke kin san babu, an kuma auna an ce babu, kuma cikin da babu shi ba a haifarsa. Wata nawa za a yi ana jira? Ranar da gari ya gaji da jira, tambayar da za a yi ta fi ta yanzu muni, don za a ce ina kuka kai shi. Macen da ba ta da ciki ba ta da abin tsoro a gaban kowace hukuma. Maganar Gwaggo ce kaɗai ta sa kika zama kamar mai abin ɓoyewa.

Don haka da ita za ki fara. Ki gaya mata cikin ladabi cewa za ki koma, ki kuma ba ta hanyar fita: ta ce ta yi zato ne, likita ya duba ya ce ba haka ba ne. Wannan bai yi nisa da gaskiya ba, kuma zai tsare mata mutuncinta. Ki sami wani dattijo a danginku ko limamin unguwa ku sanar da shi komai kafin ki tafi, domin in magana ta tashi a sami babba da ya riga ya sani. Ki roƙi Sista Patricia ta taimaka likita ya yi wa manyanki bayani da bakinsa, sun fi jin ta likita a kan taki.

Inna ce mai wuyar, ba zan ce miki da sauƙi ba. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi da ke na ɗan lokaci. Amma kada ki bari ta ji a bakin 'yan kasuwa. Ku je Miga ke da Gwaggo, in kunya ta hana ki magana Gwaggo ta faɗa, tunda daga bakinta ya fito. Sannan ki roƙe ta ta raka ki Dutse, ta zauna kusa da ke a kan bencin nan. Bazawarar da uwar mijinta ke riƙe da katinta ba mai yi mata kallon banza. Ita ma tana bukatar wanda za ta yi wa hidima, ki bar ta ta yi miki.

Kina ganin shirunki tausayi ne gare ta. Ni kuwa ina ganin tsohuwar nan ta riga ta binne ɗa, kada kunyarta da kike ji ta sa ta binne uwar jikarta. Ki tashi ki je, 'yata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa abin ya zo da sauƙi, ya jiƙan mijinki, ya sanyaya zuciyar Inna.

Hajiya Madina