Na Goge Lambar Yayana Daga Wayar Mahaifinmu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mace ce, malamar makaranta, muna zaune a unguwar Bolori. Mahaifinmu dillali ne a Kasuwar Shanu, duk harkarsa a waya take: mahauta, makiyaya, direbobin manyan motoci. Wani mai gyaran waya ne ya buɗe masa asusun intanet da lambobinsa ke ajiye a ciki, kuma kalmar sirrin asusun kusan kowa a rumfarsu ya sani. Bara sai wasu suka fara kiran abokan cinikinsa suna cewa shi ya aiko su. Hankalin Baba ya tashi, ya sayi sabon layi, ya miƙo min wayar ya ce in kwashe masa lambobin in kai inda ba mai gani sai shi.

Ranar wata Asabar na zauna da kwamfutata, na sauke lambobin duka a fayil guda, na buɗe masa asusu a wata ma'ajiyar da aka ce ta fi tsare sirri. Kafin in ɗora sai na ce bari in bi su ɗaya bayan ɗaya in cire maimaici. A nan na ci karo da lambar Yaya Modu (ba sunansa ba ne), babban wanmu. Shi ne ya yaga takardar shigata jami'a a gaban idona, wai karatun ya isa haka, har na yi asarar shekara guda. Daga baya suka yi cacar baki da Baba, Yaya ya faɗa wa mahaifiyarmu maganar da ba zan iya maimaitawa ba, ya tsallaka Chadi. Baba ya ce kada ya ƙara kiransa. Shekara shida ke nan ba mu ji muryarsa ba, ban ma san Baba yana da lambarsa ba.

Ba zan ce kuskure ba ne. Na daɗe ina kallon sunan, raina yana tafasa, sannan na goge. Na ɗora sauran, na share fayil ɗin, na rufe tsohon asusun gaba ɗaya. Da aka tambaye ni ko na tabbata, na danna e. Har wani sanyi na ji a zuciyata, wannan ne ya fi ba ni kunya.

Juma'ar da ta biyo baya, Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a tabarma yana ta latse-latsen waya, sai ya kira ni ya ce bai ga sunan Modu ba. Na ce wataƙila ya ɓace ne wajen kwashewa, irin haka na faruwa. Sai ya ce, "Ban taɓa kira ba. Amma duk Juma'a nakan buɗe in duba ko yana nan. Ina jira ne zuciyata ta sauko."

Ina zan sa kaina? Washegari ya tafi wajen mai gyaran wayar nan ya yi masa faɗa a gaban mutane, wai shi ya lalata komai tun farko. Mutumin yana ta rantsuwa, ni kuwa da Baba ya dawo yana ba da labari sai na bar laifin a kan mutumin. Na yi ƙoƙarin dawo da tsohon asusun a ɓoye, aka ce lokacin ya wuce. Na bi abokan Yaya na da a unguwar Fezzan, lambar da suke da ita ta daina shiga tuntuni. Shi kuma Yaya ko ya so kiran Baba, tsohon layin da ya sani ba ya aiki.

Yanzu ciwon suga ya kwantar da Baba, ya daina zuwa kasuwa, idonsa ma ya yi rauni. Duk direban da ya zo dubiya sai ya roƙe shi ya cigita masa Modu a Njamena. Mama kuwa sai dai in gan ta tana share hawaye a bakin murhu. Shekaranjiya ina ba shi magani ya riƙe hannuna ya ce, "Ke ce kaɗai ba ki taɓa ɓata min rai ba. Allah Ya yi miki albarka." Na kasa cewa amin, na fita na shige banɗaki na yi ta kuka.

Idan na faɗa masa, lambar ba za ta dawo ba, kuma ina tsoron abin da ɓacin rai zai yi wa jikinsa. Idan na yi shiru ya rasu bai ji muryar ɗansa ba, yana sa min albarkar da ban cancanta ba, da wane ido zan dube shi ranar gobe ƙiyama? Ga haƙƙin bawan Allahn da aka ci wa mutunci saboda ni. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?