Sunan Ƙauyen Kakanmu

Assalamu alaikum Gwaggo. Ya jiki, ya iyali? Mu nan Kankiya lafiya lau.

Raina a ɓace yake. Jiya a majalisa na nuna ma su Yaya Sale fim ɗin Falasɗinawa: wai nan gaba an ƙera na'urar da ke goge masu sunayen garuruwansu daga ƙwaƙwalwa, wata tsohuwa kuma tana ɗinka sunayen cikin rigunan jikokinta. Suka kwashe da dariya, wai tatsuniya ce, ina harbe-harben?

Na ce, "To ku, daga wane ƙauye kakanmu ya taso kafin ya zo Sukuntuni?" Ba wanda ya sani. Ni ma wallahi ban sani ba. Mu ko na'ura ba a ƙera mana ba!

Ke kaɗai kika sani. Ki aiko mani da sunan, kada ki ce sai kin zo. A sa mu a addu'a, a gaida yara.

Ɗanki, Nura.