Hannun Rigar da Na Farke Sau Uku

Aikin farko na yau: farke hannun rigar matar ƙanena, a ƙara rabin inci.

Anti, ki taimake ni, don sau uku ke nan ina rubuta wannan layin a littafina cikin wata guda. Ni tela ce, kuma komai sai na rubuta, har ranar da na sa wa keke mai. Sakatariya ake ce mini a gida.

Yarinyar shekararta sha bakwai, cikin fari, wata bakwai. Mijin direba ne, kwana biyu a gida, goma a hanya, shi ya sa take wajenmu. Kullum tana gefen kekena tana sa mini maɓalli, tana tauna ƙanƙara, muna hira. Ciki dai na san zai ƙaru, na bar masa wuri a riga. Amma wuyan hannu fa? Zobenta da sabulu muka cire shi. Takalmina take sawa yanzu, ni da ake wa tsiya da ƙafar raƙumi. Shekaranjiya ta kasa zura zare a allura, wai kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi.

Na yi maganar asibiti, ta rufe fuska, wai kunya. Innarmu ta ce ƙibar samun wuri ce, ita tara ta haifa ba wanda ya bi ta da tef ɗin awo. Wataƙila da gaskiyarta, don ni dama akwai zuzuta abu. Har tef ɗin maƙwabciya na aro, ko nawa ne ke ƙarya. Bakinsu ɗaya. Shin shisshigi nake yi?

Aikin gobe: sayo baƙin zare, gama labulen malamar makaranta, ɗinke hannun rigar.

Taki, Sakatariya.

AMSA

'Yar'uwa, wannan amsar na tura miki ta waya tun ranar da wasiƙarki ta iso, don ba maganar jira ba ce. Na buga ta ne saboda wasu.

Tef ɗinki bai yi ƙarya ba. Kumburin hannu da ciwon kai da dishi-dishin ido ga mai ciki suna iya zama alamar hawan jini, wanda in an yi sake yake kaiwa ga jijjiga. Ya fi kama masu ƙananan shekaru da masu cikin fari. Tauna ƙanƙarar ma a faɗa wa likita, wani lokaci ƙarancin jini ke sa ta. Jikin 'yar sha bakwai bai gama gina kansa ba, ga shi yana gina wani. Shi ya sa bakwaini, da jariri maras nauyi, da doguwar naƙuda suka fi yawa a wajensu. In an gano da wuri, galibi ana shawo kan abin.

Kada ki ja da Inna. Tara ba wasa ba, kuma ƙauna ce ta sa take kare surukarta. Ki roƙe ta ta raka ku, kunyar yarinyar za ta ragu in babba na gaba.

Ga jerinki, na yi masa gyaran tela:

Asibiti yau, a duba jini da fitsari. Ki tafi da littafinki.
A kira direba, ya san a asibiti za a haihu, ya tanadi mota.
Labulen malama ya jira, tagarta ba za ta gudu ba.
Hannun rigar kuma ki bar shi a farke.

Allah ya raba lafiya, ya nuna mana ranar da za ki mayar da rigar nan awonta na da.